Wane ma'auni za ka saya don gano cajin da ke zurarewa a ajiye?

Masu keke-napep da babura masu caji a ƙauyukan Gumel da Haɗeja kan yi ƙorafi ɗaya: an ajiye abin hawa cike da caji, bayan mako guda an tarar ya ragu. Kafin a zargi batir, sai an auna, kuma sandunan da ke kan allon gaban direba ba abin dogaro ba ne.

Multimita, wato na'urar auna ƙarfin wuta (bolt), ta fi araha, ana samunta a kasuwar Sabon Gari. Ga batir mai ruwan acid tana aiki sosai: na bolt 12 in ya huta yana nuna kusan 12.7 a cike, 12.2 kuwa ya kai rabi. Ga litiyam nau'in LiFePO4 ba ta da amfani sosai, domin bolt ɗinsa kusan a tsaye yake daga kashi 20 har kashi 80.

A ganina, mita mai ƙirga wutar da ke shiga da fita ita ta cancanci kuɗinka, wadda ake ɗaura ƙarfen aunawarta a kan wayar nagatif ta batir. Ita ce za ta tona ɓarayin ɓoye: tiraka (na'urar bin sawun abin hawa), ƙararrawar tsaro, da na'urar rage wuta zuwa bolt 12 da wasu makanikai ke haɗawa kai tsaye ba ta bayan makulli ba. Litiyam mai lafiya kashi 2 zuwa 3 kawai yake zubarwa da kansa a wata. In naka ya fi haka nesa, akwai mai sha, ko kuma batirin ne ba shi da lafiya. Sai dai zubar da batir ke yi da kansa mitar ba ta ganinta, don haka a riƙa saita mitar duk lokacin da caji ya cika. In batirinka na da Bluetooth, duba manhajarsa tukuna, wataƙila ta wadatar.

Mai mota, kamar Nissan Leaf, ƙaramar na'urar OBD2 da ake jonawa a mota don karanta bayananta, da manhajar LeafSpy, za su nuna masa caji da lafiyar batir. Amma a cire ta bayan an karanta, don wasunsu na tsotse ƙaramin batir na bolt 12.

Ko wacce ka saya, ka rubuta adadin da yamma bayan abin hawan ya huta, ka sake dubawa bayan kwana uku. A zafin Afrilu kuma a ajiye shi a inuwa, litiyam da caji kusan rabi.