Ciyawar da Turawa ke sayarwa a ƙunshi

Yaya, ina gaisuwa. A gaida min Inna da mutanen Jekadafari.

Jan furen da kika gani a hoton bayan gidanmu, sunansa popi. Asalinsa ciyawa ce da ke fitowa a gonakin alkama a nan Ingila, manoma ma ba sonta suke ba. Amma ni da kuɗina na saye ta, fam biyu da 'yan kai.

Shagon irin ya kai rumfunan kasuwa da yawa a haɗe. Kowane iri yana cikin ƙunshin takarda da hotonsa, an rubuta watan shuka, watan fure, da lokacin da zai daina tsiro. Wannan kam sun fi mu. A Gombe sai ka auni irin alayyahu a murfin kwalba, ka koma gida kana addu'a. Sai dai fa mai irin namu ya san sunan babanka, zai yi maka gyara, ya ɗaga maka ƙafa har kasuwa ta gaba. Nan na'ura na miƙa wa kati, ko sannu ba ta ce min ba. Ƙasar shuka ma a buhu ake sayar da ita, Yaya, ƙasa! Na tuna takin da muke kwasowa kyauta a garken Baffa.

Karon farko ban karanta takardar ba, wai ni jikar manoma. Na tona rami na binne shi kamar dawa, ko ɗaya bai fito ba. Ashe ƙwayarsa ta fi ta riɗi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, barbaɗa ta ake yi a saman ƙasa don tana son haske. Ba ya son dashe, ba ya neman taki. Na sake a Afrilu, Yuli na yi wuri ya yi jawur. Fure ɗaya ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu, wani ya buɗe.

Ba shi ne wanda ake yin ƙwaya da shi ba, kada Inna ta tada hankali. Wannan shi ne ya rufe filayen Yaƙin Duniya na Ɗaya a Beljiyam da Faransa, shi ya sa Turawan nan suke maƙala na takarda a ƙirji duk 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wuta a 1918.

Shekara ɗaya yake yi ya mutu, ya zubar da 'ya'ya su fito baɗi. In kin samu irin kina son gwadawa, ki bari sai sanyin Disamba, don zafin Maris ɗinmu ba zai bar shi ba.