Ƴan situdiyo ku yi hattara da mai sayar da sautin bras na Kontakt, ya ci min 185,000

Duk mai situdiyo, duk mai haɗa sautin fim ko tirela, dan Allah ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wani mutum da yake yawo a guruf ɗin furodusoshi na WhatsApp yana cewa shi dila ne na kayan Kontakt orijinal (Kontakt manhaja ce da ake loda sautukan kayan kiɗa a ciki a kaɗa su a kwamfuta), da lasisi da siriyal namba da komai, a rabin kuɗi. Ƙarya yake, ɓarawo ne, ya ci min naira 185,000. Kuɗin gumi na, 185,000, cikinsu har da adibas ɗin aikin mutane.

Kuma kafin wani ya zo kwament yana cewa kwaɗayin araha ne ya ja ni, a'a malam, ba jiya na fara taɓa kwamfuta ba. Aikin tirela na karɓa na wani fim mai faɗa da dawakai, darakta ya ce yana son sautin ƙaho mai nauyi wanda idan ya tashi sai ka ji shi a ƙirji, irin wannan "baaam" ɗin na tirelolin turawa. Bras ɗin fiyano, wato sautin kayan busa na ƙarfe, da wanda yake zuwa cikin manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ba zai ba ka wannan ba, siriri ne, ko ka jibga masa ifet ɗin amsa-kuwwa da distoshin sai ya koma kamar kukan sauro cikin gwangwani. Abin da nake nema FORZO ne na kamfanin Heavyocity, wanda aka ɗauka a Skywalker Sound can Kalifoniya da mabusa 26, begila da tirombon da tuba da hon duk a ɗaki ɗaya, kuma yana da wani ɓangare da yake murɗe sautin ya shiga cikin kiɗan ilektironik. Kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, kati na kuma ya ƙi biya a shafin waje, kowa a nan ya san wannan wahalar.

Abin da yake ci min rai shi ne bidiyo kol ɗin. Ni na nema, ba shi ba. Na ce ba zan tura ko sisi ba sai na gani. Ya ɗauka nan take, ya juya kyamara kan sikirin, ga Kontakt a buɗe, ga FORZO, ya danna ƙasan fiyano da hannun hagu yana tura wilin modileshin sama a hankali, sautin yana kumbura yana kumbura har sifikar wayata ta fara karkarwa. Ya ce "Oga ka ji da kunnenka ko? Ni ba na cin haram." Haka ya faɗa wallahi, ni ba na cin haram. Muna cikin magana aka kira la'asar a gefensa, ina jin ladanin, ya ce oga bari in yi salla in dawo mu ƙarasa. Ya dawo kuwa. To ku gaya min, wa zai ga wannan ya ce ɗan damfara ne? Mutumin ya san bambancin Kontakt Player na kyauta da cikakken Kontakt, ya san Native Access, manhajar da ake sa siriyal a yi rajista, har gyara min ya yi a kan yawan ram ɗin da zan buƙata. Har yanzu ina jin muryarsa, oga ka ji da kunnenka ko.

100,000 na fara turawa, sai 85,000 bayan ya turo linkin. A'a, kafin nan ma sai da ya turo min sikirinshot na wasu wai kwastomominsa suna godiya, da voyis na wani yana cewa Allah ya saka. Yanzu na gane duk shi ne ko abokansa. Sunan akawun ɗin ba nasa ba ne, na tambaya, na tambaya fa, ya ce na matarsa ne nasa yana da matsalar BVN. Na sauke fayil ɗin, giga sama da 20, da datata, da man janareta na saboda wuta ba ta tsayawa, wannan ma ban sa shi cikin 185,000 ɗin ba.

Na buɗe ya yi sauti. Na yi hamdala, na kira darakta na ce ya zo ya ji. Ya zo da yaronsa suka zauna, na kunna wajen da mahaya suke fitowa daga ƙura, tirombon ɗin suna ruri, yana gyaɗa kai, kawai sai shiru. Sautin ya ɗauke ɗif. Na duba sama ga DEMO a rubuce. Haka Kontakt Player yake, duk laburaren sauti irin FORZO da ba a yi masa rajista ba minti 15 yake ba ka ya rufe. Darakta ya kalle ni ya ce "Malam, wai ba ka ce ka saya ba?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, a situdiyo na, a gaban yaro.

Siriyal ɗin kuma tun daren da ya gabata na sa a Native Access ya ƙi karɓa, na yi wa dilan magana ya ce sabar kamfanin ce take da matsala in bari zuwa safe, shi ya sa ban damu ba tunda abin yana ƙara. Da na kira shi a gaban darakta sai cewa ya yi wai sai na ƙara 30,000 kuɗin aktibeshin. Aktibeshin na me? Native Access kyauta ne, sa siriyal kyauta ne, ba a biyan kowa ko kwabo. Ban tura ba. Na ce ya maido min kuɗina, ya ce oga ka yi haƙuri zuwa magariba. Magariba ta yi na duba, hoton furofayil ya ɓace, saƙo layi ɗaya, kira ba ya shiga. Ya yi min bulok, ya fice daga guruf. Fayil ɗin da ya ba ni ashe kwafi ne kawai da ya kwaso a intanet, shi ya sayar min 185,000.

Na je banki na shigar da ƙorafi, sun karɓi takarda sun ce in jira. Adibas ɗin darakta kuma daga aljihuna zan cika, ban yafe ba wallahi, Allah ya isa tsakanina da shi.

Ku saya a shafin kamfani kawai. Duk wanda ya ce yana da siriyal, kar ku tura kuɗi sai siriyal ɗin ya karɓu a Native Access ɗinku mai imel ɗinku. Sikirinshot na hirarmu da alat ɗin guda biyu da voyis ɗin duk suna wajena, zan ɗora su anjima in na rufe lambobin da ba nasa ba. Wanda ya taɓa yi wa irin wannan ya same ni ta inbos, mu haɗa shaida mu kai ƙara tare.