Tsohuwar da ta bar mana mabuɗin gidanta a Jamus

A nan jihar Baden-Württemberg makarantu kan tafi dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa wajen tsakiyar Satumba, kuma duk wanda ka tambaya a wurin aiki sai ka ji ya kwashi iyali ya yi wani wuri. Doka ce ta ba mai aikin kwana biyar a mako hutun kwana 20 aƙalla a shekara, da albashinsa cif. Bana ni ma na ce da maman yara mu fita mu sha iska. Otal ya fi ƙarfin aljihuna da yara uku, sai wani abokin aiki ya ce in nemi abin da suke kira Ferienwohnung, wato sashen gida guda da ake ba matafiyi haya na 'yan kwanaki, da kicin da komai, kai ke dafa abincinka. Muka samu ɗaya a wani ƙauye cikin Schwarzwald, dajin nan mai tsaunuka da ke gabas da Freiburg, a gidan wata tsohuwa manomiya.

Muna hanya sai ga saƙonta a waya. Ta ce mu yi haƙuri, ta tafi wurin 'yarta da aka kwantar a asibiti, ba za mu same ta ba. Mabuɗi yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe a jikin ƙofa, ga lambar da za mu danna. Sauran kuɗin kuma, in mun tashi tafiya, mu sa a ambulan mu ajiye kan tebur. Jama'a, kafin alƙalami kaɗan na tura mata. Ba ta taɓa ganin fuskata ba, sunana kawai ta gani, kuma duk wanda ya ga sunan ya san ba ɗan ƙasa ba ne.

Da na buɗe ƙofar jikina ya yi sanyi. Ga tukwane da cokula a jere, ga injin wanki, ga talabijin, ga zannuwan gado an goge an ninke, har da kwandon kayan wasan yara. A kan tebur kwalbar zuma da 'yar takarda da rubutun hannu mai rawa irin na tsofaffi, tana mana barka da zuwa. A barandar ƙasa akwai firji cike da madara da ƙwai da ruwan tuffa, an liƙa farashi a jikin ƙofarsa, kusa da shi gwangwani babu ko murfi, da kuɗi a ciki. Ka ɗauka, ka jefa, ka ɗebi canjinka da kanka. Shanunta na can ƙarƙashin rufi ɗaya da mu, haka tsofaffin gidajen yankin suke, wani maƙwabci ne ke zuwa tatsa safe da yamma, ya ɗaga mana hannu ya wuce. Babu maigadi, babu katanga, babu yaron gida da aka sa ya riƙa leƙo mu. Maman yara ta zauna bakin gado ta yi shiru, can ta ce, "Baban Aisha, ashe har yanzu akwai amana a duniya?"

Abin ya tsaya mini a rai, don na tuna gida. Mu ne fa masu Alƙur'ani a ka, mu ne muke jin wa'azin amana kowace Juma'a. Amma je ka kama ɗaki a garuruwanmu: kuɗi gaba ɗaya tukuna, a miƙo maka rimot da tawul kamar ana ba ka bashi, ranar fita a tsare ka a ƙofa sai an shiga an ƙirga kaya. Ni ban ga laifin mai masauki shi kaɗai ba, ya sha ganin baƙon da ya naɗe bargo ya sa a jaka. Shi ma kuma ya karɓi kuɗin ɗaki mai na'urar sanyi, dare na yi ya kashe janareta, famfo ba ya zuba, sai bokiti. Kowa na tsoron kowa, kuma kowa na da hujja. A can duk abin da tsohuwar ta rubuta a talla mun same shi, kuma yana aiki. Hatta ɗan harajin baƙi da garin ke karɓa kowane dare ba a banza ya tafi ba: an ba mu kati mai suna KONUS, muka riƙa shiga bas da jiragen ƙasa na yankin kyauta, har tafkin Titisee.

Kada ku ce komai daɗi ne. Banɗakinsu babu buta, kuma daɓen ba shi da magudana, ruwa kaɗan ya zuba sai ka durƙusa da tsumma, alwala ta zama aiki. Babu fanka balle na'urar sanyi, ga Agusta da zafi, taga ba ta da raga, ƙudan shanu na shigowa. Ƙarfe goma na dare kowa ya yi tsit, yaro ya yi gudu a bene sai gabanka ya faɗi. Lahadi kantuna a rufe, wanda bai yi cefane ranar Asabar ba ya sha ruwa. Shara sai ka rarrabe ta, takarda daban, kwalba daban, roba daban, ragowar abinci daban. Ranar tafiya ƙarfe goma na safe ka fita, bayan ka share, sannan kuma ka biya kuɗin shara da goge-goge a kai.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne zancen baƙo. Wani ɗan'uwa Badamagare da ke karatu a Freiburg ya kawo mana ziyara, muka yi tuwon semo da miyar kukar da muka taho da ita, hira ta yi daɗi har bayan isha'i. Ga doguwar kujera babu kowa a kai, amma mutum biyar aka rubuta a takarda, mutum biyar ne za su kwana. Haka na raka shi tashar bas cikin duhu ina jin kunya har ƙashina. A gidan mahaifina wa zai bar baƙo ya fita a wannan lokaci? Zaure ma don wa aka gina shi? Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro suna sauka a zango wurin fatoma, ya ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu dukiya, ya nemo musu mai saye. Sana'ar saukar baƙi tamu ce tun fil azal, da amanarta da karamcinta a haɗe. Baturen nan ya riƙe amanar, karamcin ne sai da lissafi.

Kuma kowane aljihu da masaukinsa. Mai kuɗi ya tafi otal mai taurari. Mai matsakaicin hali ya sauka a Pension, ƙaramin gidan baƙi na iyali guda, da karin kumallo na burodi da cuku da yankakken nama mai sanyi, wanda sau da yawa na alade ne, sai ka tambaya kafin ka kai hannu. Wasu tanti suke kafawa ko su ja motar kwana zuwa filin da aka keɓe, da banɗaki da wuta, don ba a yarda ka kafa tanti inda ka ga dama a daji ba. Masu hawan tsaunukan Alps kuwa akwai ɗakunan ƙungiyarsu can sama, a jera katifu a kwana tare, ka cire takalmi a ƙofa, ka sauko da shararka a bayanka.

Wanda nake yi wa yaranmu kwaɗayi shi ne masaukin matasa, Jugendherberge. Wani malamin makaranta ne, Richard Schirrmann, ya kawo tunanin a 1909 bayan ruwan sama ya tsare shi da ɗalibansa a hanya suka kwana a wata makaranta. Na dindindin na farko an buɗe shi a tsohuwar fadar Altena, yau kuma akwai wajen 400 a faɗin ƙasar. Gado kan gado ne, kai ke shimfiɗa zaninka, kai ke cirewa. Ajin Aisha gaba ɗaya sun je ɗaya da malamansu, ta dawo tana ba ni labarin kogin Rhine kamar a bakinsa aka haife ta.

Mu kuwa mun bar kalmar otal ta ɓaci, har mutumin kirki na jin nauyin a gan shi yana fitowa daga ciki, balle ya kai iyalinsa. In tafiya ta kama sai a dira gidan dangi ba sanarwa, a tashi yara daga katifarsu, matar gida ta kwana a kicin. 'Ya'yan ƙanena sun gama sakandare a Kano ba su taɓa ganin ruwan Wikki a Yankari ba, ba su ga Kufena ba, ba su ga Gobarau ba, alhali duk tafiyar yini ɗaya ce. Ga alhazanmu da gidaje a rufe a Bauchi da Zariya da Katsina, ƙura na ci, maigadi kaɗai ke kwana a ciki. Alhaji, ka gyara famfo, ka sa sola, ka sayi gadaje masu hawa biyu, ka rubuta farashi a bango, ka faɗa wa shugabannin makarantu cewa ɗaliban aji ɗaya za su iya kwana a wurinka da malamansu, maza ɓangare guda, mata ɓangare guda.