Prime95: manhajar farautar manyan lambobin firam

Na shafe watanni ina amfani da Prime95 a kwamfutar tebur, kuma ina ganin duk mai son lissafi ya kamata ya gwada ta, muddin ya san abin da zai tarar. Manhaja ce ta kyauta wadda George Woltman ya rubuta domin GIMPS, shirin masu sa-kai ta intanet da ya kafa a 1996, aikinta kuwa shi ne neman lambobin firam, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, daga cikin dangin Mersenne masu siffar 2^p − 1.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aikinta ya ginu a kan halayen waɗannan lambobi. Kafin 2^p − 1 ta zama firam, dole p ta kasance firam, amma hakan bai wadatar ba, domin 2^11 − 1 tana ba da 2047, wadda ita ce 23 sau 89. Duk lambar da za ta raba irin wannan tana da siffar 2kp + 1, inda k ke nufin wata cikakkiyar lamba, shi ya sa ake fara tace lambobi da neman ƙananan masu raba su kafin a shiga babban gwaji. Gwajin Lucas-Lehmer kuwa, wanda ke tabbatar da ko lambar Mersenne firam ce, mutum zai iya yin sa da biro a kan 31, wato 2^5 − 1: a fara da 4, a ninka ta da kanta a cire 2, a sami 14, a maimaita a sami 194, wadda ragowarta bayan rabawa da 31 ita ce 8, a sake maimaitawa a sami 62, ragowa sifili. Wannan sifilin shi ne shaidar cewa 31 firam ce, kuma da wannan gwaji aka tabbatar da 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320, wadda Luke Durant ya gano a Oktoban 2024 ta amfani da na'urorin sarrafa hoto masu yawa da ya yi haya ta intanet.

Fuskar manhajar ba ta da ado, layukan rubutu ne kawai da ke nuna inda aka kai, kuma gwajin lamba ɗaya yakan ɗauki makonni. Tana sa kwamfuta aiki iya ƙarfinta, har fanka ta riƙa kuka ba dare ba rana, don haka ban ba da shawarar a sa ta a ƙaramar kwamfutar hannu lokacin bazara ba. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne tana adana aikinta lokaci-lokaci, ta yadda idan aka ɗauke wuta, da an dawo da ita sai ta ɗora daga kusa da inda ta tsaya.

Damar gano sabuwar firam kaɗan ce ƙwarai, tunda 52 kacal aka sani a dangin Mersenne. Sakamakona na farko ya nuna lambar da aka ba ni ba firam ba ce, aka shigar da shi rumbun shirin, ni kuma na karɓi wata.