Gargaɗi ga masu gidajen abinci: ku kula da mai sayar da tebur da ke ba da zanen tsari kyauta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, amma jiya na sake ganin hotunan teburan nan a wani sabon shafi mai sabon suna, na tabbata mutumin bai daina ba. Duk wanda ke shirin buɗe gidan abinci ko sauya tebura, don Allah ya karanta har ƙarshe.

A Facebook na gamu da shi. Hotuna masu kyau, teburan katako masu kauri suna sheƙi. Abin da ya ja ni shi ne alkawarin da ya yi cewa in na turo masa awon ɗakina zai zana mini yadda zan jera tebura, kyauta. Ɗakin cin abincina mita 8 ne da mita 6. Kwana ɗaya ya turo zane mai tebura 14, kowanne na mutum huɗu, wato mutum 56 a zaune. Na ji daɗi ƙwarai, domin kowane mai gidan abinci ya san ƙarin kujera ƙarin ciniki ne.

A wannan zanen damfarar ta fara, tun kafin a taɓa katako. Ya zana kujerun duka a cuse ƙarƙashin tebura, kamar ɗakin da aka rufe da dare. Mutum kuwa in ya zauna, shi da kujerarsa suna cin kusan santimita 45 zuwa 50 daga bakin tebur, in zai tashi kuma sai ya ja baya fiye da haka. Hanyar da mai kai abinci zai bi ɗauke da tire tana son santimita 90 ko fiye, kuma wannan faɗin shi ne kusan abin da keken guragu ke buƙata ya wuce. Masu tsara irin waɗannan wurare sukan ware wa kowane mai cin abinci kusan murabba'in mita 1.4, har da rabonsa na hanya. Ɗakina murabba'in mita 48 ne. In ka raba, mutum 34 za ka samu, tebura takwas ko tara ke nan. Ya sayar mini da biyar ko shida waɗanda ba su da wurin zama, kuma ya san haka sarai.

Sai maganar girma, wadda ita ce ta fi ƙona mini rai. A saƙonmu ya rubuta "120 da 75", ni kuma na ɗauka tsawo da faɗi ake nufi, domin tebur mai tsawon santimita 120 da faɗin 75 shi ne aka saba yi wa mutum huɗu. Da kaya suka iso na sa tef, sai na ga tsawo 105, faɗi 60. Na kira shi. Ba tare da wata kunya ba ya ce ai 120 daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, 75 kuma tsayin tebur ne daga ƙasa. Na sake aunawa a karkace, tabbas ya kai 120 da ɗan ɗoriya, tsayin kuma 75 cif. Ya zaɓi lambobin da za su ba shi mafita tun farko. Babu kafintan kirki da ke auna tebur a karkace, amma tunda ban sa ya rubuta kalmar tsawo da kalmar faɗi ba, ba ni da abin kamawa.

Wanda bai taɓa wannan sana'a ba zai ce santimita 15 ai ba wani abu ba ne. Abu ne babba. Kowane mutum yana son kusan santimita 60 na bakin tebur don ya ci abinci ba tare da gwiwar hannunsa ta bugi ta maƙwabcinsa ba. A tebur mai 105, mutum biyu a gefe ɗaya kowa ya tashi da 52 da rabi. Faɗin 60 kuwa, in mutum biyu suka fuskanci juna faranti na taɓa faranti, babu inda za a ajiye kofi ko kwanon tsakiya. Teburan da na saya don mutum huɗu sun koma na mutum biyu. Da ƙanƙantar tasu ma, sha huɗun ba su shiga ɗakin ba.

Katakon ma ha'inci ne. Ya ce mini zallan katako ne mai kaurin santimita 5, kuma in ka kalli gefe haka za ka gani. Da na kifar da guda, sai ga allon MDF mai kaurin milimita 18, wato garin katako da aka matse da gam, an liƙa masa siririn ɓawon katako a sama, an kewaye bakinsa da wani yanki mai kauri don ido. Ba na zagin MDF, yana da wurin da yake amfani, kuma da ya faɗa mini gaskiya da ciniki ne na daban. Amma teburin gidan abinci ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma sau da yawa a yini, ana zubar masa da ruwa, shi kuma MDF in ruwa ya shige shi kumbura yake yi, ba ya komawa. Cikin makonni kaɗan gefuna suka fara tashi. Ƙafafun katako ne na gaske, sai dai ɗanye ne bai bushe ba, da ya fara bushewa sai ya tsage, tebura suka shiga rawa. Katakon kayan ɗaki ya kamata laimarsa ta sauka zuwa wajen kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari, akwai kuma ƙaramar na'ura da ake soka wa katako ta nuna hakan nan take.

Hanya mafi sauƙi ta gane zallan katako ita ce duba ƙarshen allon. Na gaske za ka ga zoben shekarun bishiya a gantsare, sun bambanta da zanen saman. Na liƙi kuwa zanen saman ne ya zagayo gefe yadda yake, ko ka ga layin haɗi siriri. Ka leƙa ƙarƙashi kuma, domin maha'inci ba ya ɓata lokacinsa a inda yake zaton ba za a duba ba.

Yadda ya karɓi kuɗi ma da tsari. Ya nemi kashi biyu cikin uku a matsayin kafin alƙalami, ya ce katako zai saya. Sunan da ke kan asusun bankin ya bambanta da sunan shafin, ya ce na ƙaninsa ne. Na nemi ya nuna mini wurin aikinsa ta bidiyo, kullum da uzuri. Kayan sun iso da dare a naɗe cikin leda da kwali, direba ya ce an umarce shi kada ya sauke sai an cika kuɗi. Na cika. Washegari da muka yi waccan magana ta awo, ya toshe lambata. Daga baya ɗana ya sa hotunan shafin a Google Lens, wato manhajar da ke nemo inda hoto yake a intanet, sai ga su a shafin wani kamfanin kayan ɗaki na wata ƙasa. Ko ɗaya ba aikinsa ba ne. Cinikin biri a sama na yi, ina kallon hoton wani.

Yanzu na sake ba wani kafinta aikin tebura takwas, ga kuma yadda muka yi. Na fara shata wurin kowane tebur a ƙasan ɗakin da tef mai manne, na jera kujerun gaske, na zaunar da ma'aikatana, na sa ɗaya ya ratsa tsakaninsu da tire. A takardar yarjejeniya mun rubuta tsawo, faɗi, tsayi da kaurin allo kowanne da sunansa, da ma'auni ɗaya, domin inci ɗaya santimita 2.54 ne kuma cakuɗa su wata ƙofar ruɗu ce. Mun rubuta irin katakon, da cewa babu MDF a ciki. Mun rubuta tazarar da ke tsakanin kujera da ƙasan tebur, tunda mazaunin kujera yakan kai santimita 45 daga ƙasa, kuma in katakon da ke riƙe ƙafafu ya sauko da yawa cinyar mutum ba za ta shiga ba. Ya fara yin guda ɗaya na gwaji, na je na auna da hannuna, na kifar da shi na duba, sannan na ba da izinin sauran. Cikon kuɗi sai bayan an sauke da rana an auna kowanne.

Shi wancan har yanzu yana nan yana tallar zane kyauta. Na kai ƙorafin shafin nasa, na kuma ajiye saƙonninmu da shaidar biyan kuɗi na kai wa hukuma. In akwai wanda ya riga ya tura masa awon ɗakinsa, ya tsaya haka nan, kada ya tura ko sisi sai ya shata zanen a ƙasa ya zaunar da mutane ya gani da idonsa.