Shekara biyu ina mamba a reshen ƙungiyar masana kemistiri, ga abin da na gani

Wata ƙawata ce ta tambaye ni ko ya dace ta biya kuɗin rajista a reshen ƙungiyar masana kemistiri na yankinmu, na ce mata bari kawai in rubuta kowa ya gani tunda na kai shekara biyu a ciki.

Ni dai abin da ya riƙe ni ɗan zaman nan ne na wata-wata da ake yi da yamma, wani lokaci a zauren jami'a wani lokaci ta Zoom. Mutum ɗaya zai yi lacca kamar minti 40 sai a buɗe tambayoyi, kuma fa ba malaman jami'a kaɗai ke magana ba, akwai masu aikin tace ruwan sha, masu gwajin magani a kamfani, har malaman sakandare. A nan na ji wani dattijo yana bayanin yadda ether, wani ruwan sinadari da ake narkar da abubuwa da shi a lab, in ya daɗe a kwalba iska na shigarsa yakan tara peroxide, wanda zai iya fashewa in aka ɗora shi a wuta ya ƙafe, wallahi washegari da sassafe na je lab na bi kwalaben kabad ɗinmu ɗaya bayan ɗaya, biyu babu ranar da aka buɗe su a jiki. Wannan kaɗai ya fanshe kuɗina.

Horonsu na kiyaye haɗari ma ba laifi. Sun zaunar da mu a kan takardar bayanin haɗarin sinadari mai sashe 16 ɗin nan da yawancinmu ke jefawa a durowa, aka nuna mana sashe na 4 na taimakon gaggawa, na 7 yadda ake ajiya, na 10 kuma abin da bai kamata sinadarin ya haɗu da shi ba. Alamomin GHS guda 9 masu jan gefe, wato hotunan gargaɗin haɗari da ake sa wa a jikin kwalaben sinadarai, sai da kowa ya faɗi ma'anarsu da ka kafin a ba shi satifiket.

Amma inda zuciyata take shi ne fita makarantu. Duk 23 ga Oktoba ana ranar mole, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, saboda wata na 10 da rana ta 23 sun yi daidai da lambar Avogadro, 6.02 × 10²³, adadin ƙwayoyin da ke cikin mole ɗaya, to a makon muke zuwa wajen yara da ruwan jan kabeji, a zuba asid ya koma ja, a zuba alkali ya koma kore, ka ga yaron da ya ce ya tsani kemistiri ya matso gaba yana roƙon a bar shi ya ɗiga da kansa. A Fabrairu kuma reshen na shiga zaman safe na mata masana kimiyya da IUPAC, ƙungiyar masana kemistiri ta ƙasa da ƙasa, ke shiryawa a faɗin duniya, a can na haɗu da matar da ta gyara min takardar neman aiki.

Yanzu inda suka gaza, kuma abin na damuna sosai. Sanarwa ba ta zuwa da wuri, sai saura kwana biyu ka ga imel, mai aikin kamfani ta ina zai nemi izini? Shirin haɗa sababbin mambobi da manya kuwa a takarda yake, na cike fom aka haɗa ni da wani, sau uku ina tura saƙo shiru kake ji. Taron shekara ma jawabai da rabon lambar yabo sun cinye yini, ɗaliban da suka kwana suna haɗa fosta rabin awa aka ba su, haba, ai su ne gobe.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su. Zaman wata mai zuwa kan gwajin dalma a ruwan sha ne, na riga na ce wa ƙawar tawa ta shirya mu tafi tare.