Daga Gwanzu zuwa Kwala Lampo, ga yadda ejan ɗina ya yi min

Jama'a masu tambayata wanda ya haɗa min tafiyar nan, wani ejan ne a Sabon Gari nan Zariya, ba zan kira suna ba don akwai ƙorafi a ciki.

Na gama sarin kaya a Gwanzu ta ƙasar Caina sai na ce bari in leƙa Kwala Lampo, babban birnin Malesiya, in ga ƙanina da ke karatu can, kun san 'yan jami'ar ABU da Malesiya sai a hankali. Tikiti ya samo min da araha wallahi, tafiyar awa 4 ce da ɗan kai. Amma bai gaya min kilo 7 na jakar hannu kaɗai tikitin ya ɗauka ba, sai a gaban kanta aka ce in biya kuɗin akwati, na kira shi yana ta Alhaji yi haƙuri Alhaji yi haƙuri, haƙurin me bayan kuɗi sun fita.

Wajen yawo kam ya kyauta. Ya yanka min tikitin hawa Petronas tun kafin in sauka, tagwayen benen nan mai hawa 88, tsayi mita 452, na tsaya kan gadar da ta haɗa su ƙafafuna na rawa. Kogon Batu kuwa matakala 272, a tsakiya na zauna ina haki birai na kallon ledata. Abinci ba fargaba, halal ko'ina, na huta da cin biredi da shayi irin na Caina.

Zan sake komawa wajensa, amma kilo zan fara tambaya kafin farashi.